Tarihin Rayuwar Pál Jávor, Tauraron Fina-finan Soyayya na Ƙasar Hungari

Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin silima a ƙasashen Turai zai tarar cewa tsakanin shekarar 1931 da 1944 sana'ar shirya fim ta bunƙasa ƙwarai a ƙasar Hungari. Yawancin fina-finan da aka yi a wannan tsakani na soyayya ne haɗe da ban dariya, masu cike da kiɗa da waƙa, waɗanda kusan kullum sukan ƙare da ɗaurin aure. Abin mamaki kuwa shi ne, lokacin da aka fi yawan shirya su ya zo daidai da lokacin da ƙasar ta shiga mafi munin hali a tarihinta, watau shekarun Yaƙin Duniya na Biyu.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar mutumin da ya fi kowane namiji fice a cikin waɗannan fina-finai, watau Pál Jávor, wanda mutanen ƙasarsa ke furta sunansa Yavor Pal. Za mu duba asalinsa, da yadda ya shiga sana'ar, da irin matsayin da yakan fito a ciki, da kuma abin da yaƙi da siyasa suka yi masa. Manufa ita ce mai karatu ya ga abin da kan sami ɗan wasa idan hukuma ta nemi ya zaɓi ɗaya tsakanin sana'arsa da iyalinsa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Pál Jávor ran 31 ga Janairu, 1902, a garin Arad da ke bakin kogin Maros. A wancan zamani garin yana cikin mulkin Hungari, a ƙarƙashin daular haɗin gwiwa ta Ostiriya da Hungari. Sunan gidansu na ainihi Jermann. Jávor suna ne da ya ɗauka daga baya don sana'a. Mahaifinsa ma'ajin kuɗi ne wanda ya riga ya manyanta lokacin da aka haife shi, mahaifiyarsa kuwa yarinya ce ƙarama, 'yar talakawa. Gidan ba mai wadata ba ne, har daga baya uwar ta buɗe ɗan kanti tana sayar da kayan masarufi don ta riƙe 'ya'yanta.

Tun yana yaro karatu bai dame shi ba. Sau da yawa yakan gudu daga makaranta ya tafi kallon majigi. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ya sulale daga gida ya nufi bakin dāga, ya yi 'yan watanni a can kafin 'yan sandan soja su komo da shi wurin iyayensa. Bayan wannan ya ɗan taɓa aikin ɗaukar labarai a wata jarida ta garinsu.

A shekarun nan fina-finan ƙasar Danmak ne ke tashe a Turai ta Tsakiya, saboda haka burin wannan saurayi shi ne ya isa can ya zama ɗan wasa. Ƙarshen yaƙi ya zo da canji babba: daular ta wargaje, Arad ta faɗa hannun Rumaniya, kuma yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta tabbatar da haka, ta raba Hungari da wajen kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Jávor ya bar garinsu da niyyar zuwa Danmak, amma tafiyar ta tsaya a Budapest. Nan ya zauna, ba kuɗi, ba dangi, cikin dubban 'yan gudun hijira da suka kwararo daga yankunan da aka yanke.

Shigarsa Wasan Kwaikwayo

A Budapest ya sami shiga babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo, amma bai daɗe ba aka kore shi. Bai karaya ba, ya koma makarantar ƙungiyar 'yan wasa, inda ya sami takardar shaida a 1922. Daga nan ya shiga yawon gidajen wasa, wani lokaci a babban birnin, wani lokaci a garuruwa irin su Székesfehérvár.

Shekarun farko na sana'arsa ba su yi daɗi ba, kuma yawancin laifin nasa ne. Mutum ne mai zafin rai da saurin hannu, ga shan giya, ga rashin kiyaye lokaci. Masu gidajen wasa sun san yana da baiwa, amma zama da shi sai haƙuri. A 1926 har ƙungiyar 'yan wasa ta dakatar da shi. Da taimakon waɗansu manya a sana'ar ya sake samun gindin zama, masu sharhi a jaridu suka fara ambaton sunansa. Daga 1930 zuwa 1935 yana aiki a gidan wasan da ake kira Vígszínház, watau Gidan Wasan Ban Dariya, wanda yana cikin mafi daraja a Budapest. A 1935 ya koma Gidan Wasan Ƙasa, inda ya zauna har 1944. Ya kamata a lura da wannan, domin mutane da yawa sun ɗauke shi ɗan fim kawai, alhali kuwa duk tsawon shekarun shahararsa yana hawa dandamali yana wasa a gaban jama'a ido da ido.

Fitowar Fim Mai Magana

Fim ɗinsa na farko shi ne Csak egy kislány van a világon, ma'ana yarinya ɗaya ce tak a duniya, wanda Béla Gaál ya shirya a 1929. An fara ɗaukarsa a matsayin fim maras magana, amma kafin a gama sai na'urar ɗaukar murya ta samu, aka saka sauti a waɗansu wurare. A ɗaya daga cikinsu aka ji Jávor yana waƙa. Wannan sa'a ce babba gare shi, domin zuwan sauti ya durƙusar da 'yan wasa da yawa waɗanda muryarsu ba ta dace ba, shi kuwa murya na cikin jarinsa.

A 1931 aka fito da fim na farko mai cikakkiyar magana da harshen Hungari, A kék bálvány, watau shuɗin gunki, Jávor ne kuma jarumin. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Na biyun, wanda ya fito a ƙarshen wannan shekara, shi ne ya kafa harsashin sana'ar baki ɗaya. Sunansa Hyppolit, a lakáj, watau Hyppolit babban bara, wanda István Székely ya shirya.

Labarin na wani ɗan kasuwa ne mai suna Schneider, wanda ya yi arziki da harkar ɗaukar kaya. Matarsa, don son a ce su ma manyan mutane ne, ta ɗauko wani bara da ya daɗe yana hidima a gidan sarauta. Shigowarsa ke da wuya sai bara ya zama mai gida: ya tilasta wa Schneider sa tufafin alfarma a wajen cin abinci, ya hana shi abincin da ya saba, har ta kai mutumin yana ɓoyewa kafin ya ci albasa a cikin gidansa. Gyula Csortos ne ya fito a matsayin baran, Gyula Kabos kuma a matsayin Schneider. Jávor ya fito a matsayin wani injiniya da ya ɓad da kama ya zama direba don ya kusanci 'yar gidan, wadda uwarta ke son ta aurar ga wani mai dangi a majalisar gari. Rawar da ya taka ba ita ce babba ba, amma daga nan aka gane wurin da ya dace da shi.

Siffar Waɗannan Fina-finai

Nasarar Hyppolit, da ta wani fim mai suna Meseautó da Béla Gaál ya yi a 1934, ta sa masu zuba kuɗi suka riƙe hanya ɗaya. Kasuwar ƙarama ce, masu jin harshen ba su da yawa, saboda haka dole fim ya yi arha, a ɗauke shi cikin 'yan makonni, ya kuma mayar da kuɗinsa a cikin gida. Yawancin aikin ana yin sa a masana'antar Hunnia, mallakar gwamnati, inda kamfanoni ke hayar ɗakuna da na'urori.

Zubin labarin kusan iri ɗaya ne. Akwai saurayi da budurwa da bambancin arziki ko na asali ya shiga tsakaninsu. Ɗaya daga cikinsu zai ɓoye matsayinsa, mai kuɗi ya yi shigar talaka ko talaka ya yi shigar mai kuɗi. Akwai wani ɗan ban dariya a gefe, akawu ko ɗan kasuwa mai tsoro da yawan surutu, wanda galibi Kabos ne. Za a yi rashin fahimta, a yi fushi, a yi waƙa biyu ko uku, sa'an nan gaskiya ta bayyana a shirya. A ƙasar da matsin tattalin arziki ya bar masu ilmi da yawa ba aiki, labarin 'yar sakatariya da ta auri shugaban banki ba ƙaramin magani ba ne ga zuciya.

A cikin wannan zubi Jávor ya sami siffa tasa ta kansa. Kyakkyawa ne, mai siririn gashin baki da kaifin ido. Yakan fito a matsayin ɗan gidan masu gonaki wanda dukiya ta ƙare amma girman kai bai ƙare ba, ko hafsan sojan doki mai bashi a wuya, ko injiniya mai zuciya. Abin da 'yan kallo suka fi jira shi ne wurin da zai zauna a gidan shaƙatawa cikin baƙin ciki, makaɗan goge na ƙabilar Roma su kewaye shi, ya yi waƙa har gari ya waye. An ga haka a Nem élhetek muzsikaszó nélkül na 1935, wanda sunansa ke nufin ba na iya rayuwa ba tare da kiɗa ba. A 1937 ya fito tare da Lili Muráti da Kabos a Fizessen, nagysád!, a 1938 kuma ya zama Feri Noszty, hafsan da ke farautar 'yar mai kuɗi don ya biya bashinsa, a fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Kálmán Mikszáth.

Shahara ta zo masa da nata nauyi. Ya koma wa kwalba, ya yi ta rigima da abokan aiki da 'yan jarida. Abin da ya kawo masa natsuwa shi ne aurensa a 1934 da Olga Landesmann, wata Bayahudiya mai 'ya'ya biyu daga aurenta na fari. Ita ta kafa masa gida irin wanda bai taɓa samu ba. A lokacin ba wanda ya san cewa wannan aure zai zama abin tuhuma a gaban hukuma.

Dokokin Wariya da Shekarun Yaƙi

Tun daga 1920 Miklós Horthy ke riƙon sarautar Hungari, ƙasar da ke da gadon sarauta amma ba sarki. Babban burin gwamnatocinsa shi ne maido da yankunan da aka rasa, wannan buri kuwa shi ya ja su zuwa ga Jamus ta Hitila. A 1938 aka kafa dokar farko da ta taƙaita yawan Yahudawa a sana'o'i da dama, har da wasan kwaikwayo da fim, zuwa kashi 20 cikin 100. Doka ta biyu a 1939 ta rage shi zuwa kashi 6. Aka kafa wata majalisa ta 'yan wasa da masu fim a ƙarƙashin shugabancin ɗan wasa Ferenc Kiss, wanda duk ba ya cikinta ba shi da izinin aiki. A 1941 doka ta uku ta haramta sabon aure tsakanin Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba.

Waɗannan dokoki sun sari sana'ar a gindi, domin da yawa daga cikin waɗanda suka gina ta Yahudawa ne. István Székely ya tafi Amurka. Gyula Kabos, wanda ya fi kowa sa mutanen ƙasar dariya, ya bi bayansa a 1939, ya rasu a New York a 1941 cikin ƙunci. Béla Gaál an hana shi aiki, daga baya aka kama shi, ya mutu a sansanin Dachau a 1945. Waɗansu marubuta suka ci gaba da rubuta labarai a ɓoye, ana sa sunayen waɗansu a kai.

Duk da haka yawan fina-finai ƙaruwa ya yi. Dalilan a fili suke. Yankunan da aka maido wa Hungari a 1938 da 1940 sun ƙara yawan 'yan kallo, ko da yake Arad, mahaifar Jávor, ta ci gaba da zama a hannun Rumaniya. Bayan ƙasar ta shiga yaƙi a 1941 fina-finan Amurka suka daina shigowa, gidajen silima kuwa suna bukatar abin nunawa. Ga kuma kasuwa da ta buɗe a Italiya da ƙasashen Balkan. A 1942 da 1943 ana shirya fim fiye da 40 a shekara, abin da ya sa Hungari ta bi bayan Jamus da Italiya a wannan ɓangare na Turai.

Jávor yana tsakiyar wannan hada-hada. A ƙarshen 1939 ya fito a Halálos tavasz, watau bazara mai kisa, wanda László Kalmár ya shirya daga littafin Lajos Zilahy. Wannan ba na dariya ba ne: labarin mutum ne da son wata mace ya kai shi ga kashe kansa. A nan ne Katalin Karády ta fara fitowa, mace mai kauri da zurfin murya, wadda ta zama tauraruwar shekarun yaƙi. A 1940 ya fito a matsayin Pista Dankó, mashahurin makaɗin goge ɗan ƙabilar Roma daga garin Szeged, fim ɗin kuma ya yi kasuwa ƙwarai a gida da waje. Na ban dariya ma ba su tsaya ba. A 1941 ya yi Egy csók és más semmi tare da Klári Tolnay. A 1943 shi da Karády suka yi Makrancos hölgy, labarin mace mai taurin kai da mijin da ya ɗaura niyyar lanƙwasa ta, wanda aka gina a kan wani wasan Shakespeare aka maido shi zamani. A wannan shekara ce, cikin watan Janairu, aka ragargaza rundunar Hungari ta biyu a bakin kogin Don a ƙasar Rasha, dubun dubatar sojoji suka halaka. Iyayensu da matansu na cikin masu cika gidajen silima.

A wannan lokaci 'yan wasa suka rabu. Waɗansu, kamar Antal Páger da Zita Szeleczky, an san su da kusanci da masu ra'ayin Jamus. Jávor yana ɗaya gefen. Bai rabu da matarsa ba, ko da yake rabuwar za ta sauƙaƙa masa al'amura, kuma ba mutum ne mai iya riƙe bakinsa ba. Ya yi ta sa-in-sa da shugabannin sana'ar a kan yadda ake wulakanta abokan aikinsa, jaridun masu tsattsauran ra'ayi kuma suka sa shi gaba. Farin jininsa ne ya kāre shi na ɗan lokaci, domin masu kamfanoni ba su son rasa mutumin da sunansa kaɗai ke sayar da tikiti.

Kamu da Ɗauri

Ran 19 ga Maris, 1944, sojojin Jamus suka mamaye Hungari. Daga watan Mayu zuwa Yuli aka kwashe Yahudawa fiye da 430,000 daga lardunan ƙasar, mafi yawansu zuwa Auschwitz. An hana Jávor fitowa a dandamali da fim. 'Yan sandan ciki na Jamus suka kama Karády bisa zargin leƙen asiri, suka azabtar da ita, ta yi wajen wata uku a tsare.

Ran 15 ga Oktoba Horthy ya yi shelar cewa ƙasar za ta fita daga yaƙin. Jamusawa suka tumɓuke shi, suka ɗora Ferenc Szálasi, shugaban jam'iyyar Gicciyen Kibiya, wadda aƙidarta irin ta 'yan Nazi ce. 'Yan wannan jam'iyya ne suka kama Jávor. Aka kai shi kurkukun Sopronkőhida, kusa da iyakar Ostiriya, inda aka tara 'yan siyasa da hafsoshi da masana da ake zargi da adawa. A wannan kurkuku ne aka rataye ɗan majalisa Endre Bajcsy-Zsilinszky, jagoran masu gwagwarmaya da mamayar Jamus, ran 24 ga Disamba, 1944. Mutumin da hotonsa ke manne a ɗakunan 'yan mata a duk faɗin ƙasar ya yi hunturun nan cikin yunwa da sanyi, bai san ko gobe sunansa za a kira ba.

Da sojojin Rasha suka matso, sai aka kwashe fursunonin aka nufi Jamus da su. A yankin Bavariya sojojin ƙawance suka 'yantar da su, ya ɗan zauna a garuruwan Tann da Pfarrkirchen kafin ya sami hanyar komawa gida. Tsarewar tasa ta ɗauki fiye da wata tara. Ya rubuta abin da ya gani a wani ɗan littafi da aka buga a 1946.

Bayan Yaƙi da Zaman Amurka

Mai karatu zai yi tsammanin cewa wanda ya sha ɗauri a hannun 'yan Gicciyen Kibiya zai sami kyakkyawar tarba a sabuwar Hungari. Da fari kamar haka za ta kasance, domin shi ne jarumin A tanítónő, watau malamar makaranta, fim na farko da aka yi bayan yaƙi, wanda Márton Keleti ya shirya a 1945. Amma daga nan ƙofofi suka fara rufewa. Masu faɗa a ji a harkar al'adu, waɗanda 'yan gurguzu ke ƙara rinjaye a cikinsu, suna kallonsa a matsayin fuskar tsohon zamani. Ɗan masu gonaki mai kwana yana waƙa da makaɗa shi ne ainihin irin mutumin da sabon tsari ya zo ya kawar. Siffar da ta ɗaukaka shi ita ce ta zame masa kaya, abin da ya yi da kansa a lokacin yaƙi kuwa bai isa ya wanke ta ba.

A tsakiyar 1946 ya yi rangadin wasa a Rumaniya, ya sami karɓuwa, sa'an nan a watan Oktoba ya tashi zuwa Amurka. 'Yan Hungari mazauna can sun tarbe shi da murna, amma abin da suke iya ba shi bai wuce 'yan wasanni da waƙoƙi a zaurukan taro ba. A gida kuwa gwamnati ta karɓe sana'ar fim baki ɗaya a 1948, mulkin jam'iyya ɗaya ya kafu, hanyar komawa ta toshe. Ya gwada sa'arsa a Hollywood, rashin ƙwarewa a Ingilishi ya tare shi. Abin da aka fi tunawa da shi a can shi ne wata 'yar ƙaramar fitowa a matsayin mawaƙi Antonio Scotti a fim ɗin The Great Caruso na 1951, wanda Mario Lanza ya ja. Mutumin da ya yi fim fiye da 60 a ƙasarsa, a yawancinsu shi ne jarumi, ya koma bin layin neman aikin 'yan mintoci.

Don neman abin kai wa baka ya yi aikin gadin ƙofa da waɗansu ƙananan ayyuka, ya bi ƙungiyoyin mawaƙa gari gari, ya kuma yi rubuce-rubuce a jaridun 'yan Hungari na Amurka. Baƙin ciki ya sake tura shi ga giya, har wasansa ya fara lalacewa. Daga baya shi da kansa ya nemi magani ya daina. A cikin abokan da ya yi a wannan zama akwai marubuci Sándor Márai, wanda shi ma gudun hijira ya kai shi can.

Komawarsa Gida da Rasuwarsa

A 1956, yana rangadin wasa a Isra'ila, ya sami labarin cewa an yarda ya koma. A watan Oktoba na wannan shekara jama'ar Hungari suka yi bore, sojojin Rasha suka murƙushe shi a watan Nuwamba, mutane wajen 200,000 suka tsere daga ƙasar. A daidai lokacin da waɗansu ke fita, shi kuwa shirin shiga yake yi. Ya isa Budapest a 1957, bayan shekara 11 a waje.

An ba shi aiki a gidajen wasa na Jókai da Petőfi. Jama'a suka yi ta tururuwa don su gan shi, ko da yake waɗansu masu sharhi sun ce wasan nasa bai kai na dā ba. Jikinsa ma ya riga ya gaji. Ciwon daji na ciki ya kwantar da shi fiye da shekara guda. Yana kwance ne Gidan Wasan Ƙasa ya mayar da sunansa cikin ma'aikatansa, amma bai sami ikon sake hawa wannan dandamali ba. Ya rasu a wani asibiti a Budapest ran 14 ga Agusta, 1959, yana da shekara 57. Dubun dubatar mutane suka raka gawarsa maƙabartar Farkasrét.

Idan aka duba abin da ya sami abokan zamaninsa za a ga yadda rabo ya bambanta. Ferenc Kiss ya sha ɗauri bayan yaƙi. Karády ta bar ƙasar a 1951, ta ƙare tana sana'ar huluna a New York, ta rasu a 1990. A 2004 cibiyar Yad Vashem ta karrama ta saboda Yahudawan da ta ceta. Antal Páger, wanda ya gudu zuwa Ajantina, ya komo a 1956, ya sake sabuwar rayuwa a sana'ar, har ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Cannes na 1964. Jávor, wanda aka ɗaure saboda ya ƙi bin masu mulki, shekara biyu kawai ya samu a gida, rabinsu a gadon asibiti.

Kammalawa

Masana sun daɗe suna muhawara a kan waɗannan fina-finai. Waɗansu na ganin cewa sun taimaka wajen rufe idon jama'a, domin ana dariya a silima alhali ana korar waɗanda suka koya wa ƙasar wannan dariya. Waɗansu kuma na ganin cewa mutanen da ke cikin tsoro suna da haƙƙin samun hutun awa ɗaya da rabi, kuma yawancin fina-finan ba su ɗauke da farfagandar ƙiyayya. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da tarihin Jávor ya ƙara a kan muhawarar shi ne cewa ba a iya gane matsayin ɗan wasa daga irin rawar da yake takawa. Waɗanda suka yi fina-finai iri ɗaya, a masana'anta ɗaya, wani lokaci ma a fim ɗaya, sun ɗauki hanyoyi mabambanta da aka zo wajen gwaji.

Hukumomi biyu masu gaba da juna sun ƙi shi: na farko saboda matar da ya aura da bakinsa da ba ya shiru, na biyu saboda siffar da fim ya ba shi. 'Yan kallo ne kaɗai ba su juya masa baya ba, kamar yadda taron jana'izarsa ya nuna. A shekarar 2000 masana fim na ƙasar suka sa Hyppolit, a lakáj cikin fina-finai 12 mafi daraja da Hungari ta taɓa yi, ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar kuma ta gyara da yawa daga cikin ayyukan wancan zamani don masu nazari da masu kallo. Wanda ya zauna kallonsu zai fi amfana idan ya san shekarar da aka yi kowanne, da sunayen da aka cire daga jerin ma'aikatansa, da kuma abin da ya sami jarumin bayan an kashe fitilun masana'anta.